ABIN DA KYAMARA BA TA NUNA MUKU A LOKESHIN

Jama'a, da alama mun fara sabawa. Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya fito, wani dattijo ko wata dattijuwa da muka taso muna kallo a fim, a kwance a kan katifa ko a gadon asibiti, an riƙe masa waya yana roƙon al'ummar Annabi su taimaka da kuɗin magani. A ƙasa an rubuta lambar asusu. Kwana biyu ana ta yaɗawa. Masu tausayi su tura dubu ɗaya, dubu biyu, masu baƙin baki su ce ina kuɗin da suka tara, wasu su ce ai dama ƙarshen ɗan fim ke nan. Wani ɗan siyasa ya aiko wakili da ambulan, a ɗauki hoto. Bayan sati guda an manta, sai kuma na gaba.

Ni duk lokacin da na ga irin wannan bidiyon lokeshin nake tunawa, don daga can hanyar take farowa. Na yi shekaru ina shiga wuraren ɗaukar fim a Kano da Kaduna, yawanci da littafin kontinuiti a hannuna, jefi-jefi kuma idan wani bai zo ba a ce in sa hula in fito a maƙwabci ko ɗan aike. Saboda haka abin da zan faɗa ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba. Kuma ba zan kama sunan wani furodusa ko kamfani a kan abin da na gani da idona ba, don matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Abin da yake fara karya ɗan wasa shi ne jira. Za a kira ka da daddare a ce gobe ƙarfe takwas a Ɗorayi ko Na'ibawa ko Rijiyar Zaki. Ka yi sammako, ka hau adaidaita da jakar kayanka, ka isa takwas saura. Ka tarar mai gidan da aka ara ko tashi bai yi ba. Tara da rabi mai kyamara ya iso, sha ɗaya a gano babu mai a janareta, a aiki yaro da jarka. Babban jarumi, wanda rabin sina-sinan ranar nasa ne, yana can wani lokeshin a Hotoro, wayarsa a kashe. Babu mai iya ɗaga masa murya idan ya zo, don fuskarsa ce za ta sayar da fim ɗin. Kai kuwa da aka kira don sin biyu kacal, sai ƙarfe tara na dare za ka ji an ce, "Baba, bismillah, a zo a yi naka." A lokacin ka yi sallah huɗu a gidan mutane, ka ci shinkafa da wake a roba idan an yi sa'a ta kai kanka, kwalliyar da aka yi wa mata tun hantsi ta narke an sake ta sau biyu. A haka ake so ka shigo falo kana fara'a, kai ne Alhajin da ya dawo daga Dubai da tsaraba.

Ga zafi. Wanda bai taɓa shiga ɗakin da ake ɗaukar fim a watan Afrilu a Kano ba, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ba zai gane ba. An rufe tagogi saboda hayaniya, an kashe fanka saboda mai ɗaukar sauti ya ce tana shiga masa, an kunna fitilu a kanka, kana cikin babbar riga da hula ko leshi da ɗaurin kallabi. An fara ke nan sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. A jira. Ya mutu, a sake, sai akuya. A sake, sai wani yaro a kan katanga ya ƙwala wa jarumar kira da sunanta na wani fim. Sin ɗin da mai kallo zai gani cikin minti biyu, an yi shi sau tara, kuma a karo na tara ana so muryarka ta fito kamar yanzu ka fara jin maganar. Idan a azumi ne kuwa, sai dai Allah Ya ba da lada.

Duk wannan yana da alaƙa da cewa har yau a gidajen aro muke aiki. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, shekara talatin da ɗoriya, masana'antar da ake kallonta daga Kano har Yamai da Kumasi ba ta da wani wuri nata na kirki da za a rufe ƙofa a yi aiki. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina alƙaryar fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ca a kai, aka janye. Ba zan tayar da wannan tsohuwar muhawarar ba, kowa yana da hujjarsa. Amma sakamakonta a aikace shi ne 'yar mutane tana canza kaya a ɗakin matar da ba ta sani ba, kuma na sha ganin an ɗauki rabin sin, maigida ya dawo daga kasuwa ya ce shi fa ya gaji, a tattara a fita. Gobe a nemo wani falon mai kama da wannan, ni kuma in yi ta fama da littafina ina tuno ko a hannun dama ta riƙe kofin.

Sai maganar labarin kansa. A ƙa'ida ɗan wasa ya kamata ya karɓi rubutu tun da kwanaki, ya karanta, ya san wane ne wannan mutumin da zai zama, me ya faru da shi kafin wannan sin ɗin. Akwai daraktocin da suke yin haka, Allah Ya saka musu, kuma ana ganin bambancin a aikinsu. Amma a wurare da yawa ana saita haske ake miƙo maka takarda. Wani lokacin ma babu takardar, darakta ne zai ce, "Hajiya, ke dai ki nuna masa ranki ya ɓaci, ki ce ba zai auri yarinyar nan ba, sauran ki ƙarasa." Marigayi Rabilu Musa Ibro ya iya wannan, a ba shi jimla ɗaya ya gina mata gida, har masu kyamara su kasa riƙe dariya. To amma Ibro guda nawa aka yi? Tun da ya rasu a Disambar 2014 ake neman irinsa. Sauran mutane suna buƙatar shiri, kuma idan ba a ba su ba, sai su koma kan abin da suka saba: zare ido, ɗaga murya, tafa hannu. Sannan mu masu kallo mu ce 'yan wasanmu ba su iya ba, kullum abu ɗaya.

Akwai wani abu da nake ganin ba a yaba wa 'yan wasan Hausa a kansa, kuma a wurina shi ne mafi wuya a duk aikin. A fim ɗinmu namiji ba ya taɓa mace. Kowa ya san wannan, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Rahama Sadau a 2016 lokacin da MOPPAN ta kore ta saboda bidiyon waƙar da ta fito da ClassiQ. Ni ba na cikin masu cewa a cire wannan iyakar, addininmu ne da al'adarmu. Amma ku tsaya ku yi tunanin abin da take nufi ga mai wasan. Uwa ce, ɗanta ya ɓace shekara goma, yau ya shigo tsakar gida. A rayuwa ta gaskiya rungume shi za ta yi. A fim ba dama, don wanda yake fitowa a ɗan ba ɗanta ba ne. Dole duk wannan shauƙin ya fito a idonta, a rawar muryarta, a yadda za ta miƙa hannu ta tsaya a hanya, ta dafe bango ta sulale ƙasa. Miji ne, matarsa ta yanke jiki ta faɗi a gabansa, ba zai tare ta ba, kuma dole mai kallo ya yarda cewa wannan mutumin yana son matar nan kamar ransa. Jarumin Indiya ko na Kudu yana da jiki gaba ɗaya da zai yi aiki da shi. Namu fuska da murya kawai aka bar masa. Idan aka dace da gwanaye, wallahi abin yana fin rungumar taɓa zuciya. Idan ba a dace ba, shi ne za ka ga mace a ƙasa, miji yana zagaya ta yana salati kamar ya ga maciji. Wannan fasaha ce da ya kamata a ce ana koyar da ita, ana zama a yi atisaye a kanta. Ba a yi. Kowa da kansa yake laluben hanya.

Haka kuka. Masu kallo suna zaton duk man zafi ne ake shafawa a ƙasan ido, kuma gaskiya ana shafawa, har albasa na ga an yanka. Amma manyan gwanayen ba sa buƙata. Abin da suke yi shi ne su janyo wani baƙin ciki nasu na gaske, rasuwar uwa, mutuwar aure, ɗan da aka binne. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta yi sin ɗin mutuwar ɗa, darakta ya ce "kot", kowa ya tafa, ita kuwa ta kasa tsayawa. Ta koma bayan ƙofa tana sheshsheƙa. Ba a yi minti biyar ba aka leƙo aka ce, "Anti, a canza kaya, sin ɗin biki za mu shiga kafin rana ta faɗi." Ta share fuska, aka sake mata hoda, ta fito tana guɗa. Babu wanda ya yi mugunta a wurin, rana ce da gaske take faɗuwa. Amma wanda yake yin haka shekara ashirin, yana buɗe ciwonsa yana rufewa bisa umarni, akwai abin da yake ci a jikinsa, kuma mu a nan ba mu da ma sunan da muke kiran wannan gajiyar.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda kowa yake jira. A farkon 2022 Ladin Cima ta yi hira da BBC Hausa a shirin Daga Bakin Mai Ita, ta ce abin da ake sallamarta da shi a fim bai wuce dubu biyu zuwa dubu biyar ba. Gari ya ɗauka. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su dai sun biya ta fiye da haka a ayyukansu. Naziru Sarkin Waƙa ya shigo da nasa zafin. Aka yi makonni ana jifan juna. Ni abin da ya tsaya mini a rai a duk rigimar shi ne, maganar baki ce take karo da maganar baki. Tsohuwa ta ce kaza, furodusoshi sun ce kaza, kuma mai yiwuwa kowa gaskiyarsa ya faɗa, don ba fim ɗaya ta yi ba. Da a ce al'adar harkar ita ce a rubuta a sa hannu, da rigimar ba ta kwana ba. Kalmar da muke amfani da ita ma ta isa shaida: "sallama". Ba a cewa an biya ka haƙƙinka, cewa ake an sallame ka, kamar wanda ya zo maula. Sau da yawa ba ka san nawa ba ne sai an gama aiki an dunƙulo maka a hannu, kuma kunya ba za ta bari ka ƙirga a gaban mutane ba.

Wani abin da masu cewa "ina kuɗin da suka tara" ba su sani ba, yawancin kayan da kuke gani a jikin 'yan wasa nasu ne. Yarinya za ta fito a 'yar mai kuɗi, sin goma sha biyar, kaya kala goma sha biyar, da takalmi da jaka da mayafi. Ita za ta nemo, ta saya ko ta ara ko ta ci bashi wurin tela. Idan ta maimaita kaya a wani fim, ku ne za ku fara yi mata dariya a TikTok. Sau tari abin da ta kashe ya ninka abin da aka ba ta. Ganin kitse ake yi wa rogo. 'Yan ƙalilan ne a sama suke samun na kirki, su ma yawanci daga talla da siyasa da kasuwancinsu ne, sauran ɗaruruwan kuwa daga hannu sai baki.

Da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, saboda satar fasaha da masu tura fim a waya da fassarar Indiya-Hausa, harkar ta koma fim mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24. Daɗin Kowa, Kwana Casa'in, Labarina, Izzar So, Gidan Badamasi, duk sun ceto masana'antar, wannan ba a musu. Sun kuma samar wa wasu aiki mai ɗorewa da ba su taɓa samu ba. Amma sun zo da nasu nauyin. Da can kwana biyar ko sati ka gama fim ka wuce. Yanzu hali ɗaya za ka riƙe shekara uku, huɗu. Kada ka yi ƙiba, kada ka rame, kada ka aske gemu, kada ka yi doguwar tafiya. Idan mace ce ga maganar aure, wanda a harkar nan yawanci yana nufin ta bar fim, sai marubuci ya kashe ta a hatsarin mota ko a sauya fuska. Ko da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, kun ga yadda masu kallo suka yi ta kwatanta su. Ku yi tunanin shiga lokeshin kana sane cewa duk motsin da ka yi za a auna shi da na wani. Sannan ga abin da ba ya hannun ɗan wasa ko kaɗan. A watan Mayun 2025 hukumar tace fina-finai ta Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci ɗaya kan batun kawo su a tace kafin a saki. Tsakanin hukuma da furodusoshi ne, amma wanda ake biya bisa aikin yini shi ne tukunyarsa take fara hucewa. Waɗanda suka ga 2007, lokacin da aka tsayar da ɗaukar fim a Kano na watanni har mutane suka yi ta ƙaura Kaduna, sun san abin da nake nufi.

A Amurka 'yan wasa sun yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, kuma cikin manyan abubuwan da suka tsaya a kai akwai kason da ake ci gaba da biyan ɗan wasa idan ana ta kallon aikinsa a intanet. Mu nan an sallame ka sau ɗaya an gama. Shirin zai shekara biyar a YouTube yana kawo wa mai tashar kuɗi, fuskarka ce a jikin hoton da ake latsawa, ko katin waya ba za ka sake gani ba. Ban ce mu zama Amurka gobe ba. Amma a ce ko zancen ba a fara ba?

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta lafiya da rai. Duk mai kallon Indiya ya san Coolie. A 1982 wurin ɗaukar sin ɗin faɗa a fim ɗin Amitabh Bachchan ya bugu da gefen tebur a ciki, ya kusa rasa ransa, har da fim ɗin ya fito sai da aka tsayar da hoton a daidai wurin aka rubuta wa masu kallo cewa nan ne ya ji ciwon. A 2021 a Amurka bindigar da ke hannun Alec Baldwin ta tashi a wurin ɗaukar fim ɗin Rust, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, kuma matar da aikinta shi ne kula da makaman sai da kotu ta ɗaure ta. A nan gida, a Afrilun 2024, Junior Pope na Nollywood da wasu abokan aikinsa suka nutse a kogin Neja a kan hanyar lokeshin, a jirgin ruwa babu rigar kariya. Waɗannan wurare ne da suka fi mu kuɗi da tsari, abin ya faru. To mu da za a ce wa yaro ya faɗo daga katanga a kan kwali biyu, ko a ba shi adda ta gaske a ce ya kai sara amma ya yi a hankali, ko a sa jaruma ta tuƙa motar aro alhali jiya ta fara koyo? A duk lokeshin da na shiga, zan iya ƙirga waɗanda na ga ko akwatin auduga da aidin a ciki. Idan ka ji ciwo za a ce sannu, a kai ka kemis, furodusa mai kirki ya biya. Idan ciwon ya wuce na kwana uku, kai da iyalinka ne.

Ga kuma hanya. Rabin harkar nan a mota ake yin ta, Kano zuwa Kaduna, Jos, Katsina, Maraɗi, a gama aiki ƙarfe ɗaya na dare a kama hanya don gobe akwai wani. Ahmad S. Nuhu a hanya ya rasu ranar 1 ga Janairun 2007, Hauwa Ali Dodo ma a hanya a farkon 2010. Ba a lokeshin suka rasu ba, kuma kwana idan ya ƙare ya ƙare, Allah Ya jiƙansu da rahama. Amma yarda da ƙaddara bai hana a ce direban da ya kwana biyu bai runtsa ba kada ya ɗauki mutum goma sha huɗu da asuba.

To yaya suke jurewa? Tsofaffin hannu suna da dabarunsu. Za ka ga dattijuwa ta zo da 'yar tabarmarta da fulas ɗin kunu da maganin hawan jini a jaka, ta nemi inuwa ta kwanta, ta ce idan an shirya a tashe ta. Wasu suna ɗaukar hoton kansu a waya bayan kowane sin don kada a yi musu gardamar kaya. Wasu sun koyi tambayar "nawa ne" tun a waya, ko da za a ce sun cika son kuɗi. Kusan kowa yana da wata sana'ar a gefe, atamfa, turaren wuta, shagon waya, tallan magani a Instagram. Mafi yawa kuma suna fakewa a bayan ubangida, wanda zai sa ka a fim, ya yi maka suna idan an yi maka haihuwa, ya biya asibiti idan ka kwanta. Ba na raina wannan, ya rufa wa mutane da yawa asiri. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaron gida ba ya cewa an zalunce shi, ba ya aiki da wanda ubangida yake gaba da shi, kuma ranar da suka ɓata, aikinsa ya tsaya cak. Idan yarinya ce da ta baro garinsu ba ta da kowa a Kano, wannan dogaron yana iya kai ta inda ba ta yi niyya ba. Akwai mutanen kirki da yawa a harkar da suke tsare mutuncin yaran mutane kamar 'ya'yansu, akwai kuma waɗanda ba haka ba, kuma yarinyar ba ta da ofishin da za ta kai ƙara ba tare da ta rasa aikinta ba.

Mu ma masu kallo muna da namu kason. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, wadda ta rasu a Afrilun 2024, ta yi suna ne da fitowa a muguwar mace, kuma don ta iya ne muka ji haushinta. Amma har yau akwai wanda bai raba mutum da rawar da ya taka ba. Na san wadda aka fasa sayar wa kaya a kasuwa saboda ta azabtar da marainiya a fim. Na san wanda aka hana aure saboda ya fito a ɗan daba. Mutum ya wuni a tsaye ya dawo gida da dubu uku, ya buɗe waya ya tarar da mutum ɗari biyu suna zagin iyayensa. Kuma masu zagin nan ba sa bari sati ya wuce ba su kalli ci gaban shirin ba.

Na san abin da furodusoshi za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangaren. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin janareta da mota da abinci sun ninka, abin da YouTube yake biya bai taka kara ya karya ba, da yawansu bashi suke ci su yi fim. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma takarda shafi ɗaya da ta ce wane zai yi sin kaza, ranar kaza, a kan naira kaza, za a biya shi ranar kaza, idan ya ji ciwo a bakin aiki kamfani ne zai yi magani, nawa za ta ci? Tsara sina-sinai yadda dattijo mai sin biyu zai zo ƙarfe huɗu maimakon takwas na safe, ai ragin kuɗin abinci ne ma. Sa lokacin tashi, musamman ga mata, don kada yarinya ta riƙa neman adaidaita ƙarfe sha biyun dare, wannan tsari yake buƙata kawai. Babban jarumin da ya shanya mutum talatin awa biyar, a cire masa wani abu a kuɗinsa a raba wa waɗanda ya shanya, mu ga ko zai sake.

Batun asibiti kuwa, jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA. Me zai hana MOPPAN da ƙungiyar jarumai su zauna da ita a shigar da 'yan fim a ƙungiyance, a riƙa cire wani ɗan abu daga kowane fim da aka kai tacewa ana zubawa, a fara da waɗanda suka haura shekara sittin? Hukumar tace fina-finai tana da rajistar mutanen nan, tana karɓar kuɗi a hannunsu, ta san adadinsu. Wanda yake shugabantarta tun 2023, Abba El-Mustapha, ɗan wasa ne. Shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa tun Janairun 2024, Ali Nuhu, ɗan wasa ne. Dukansu sun yi jiran janareta, sun sha zafin fitila, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Ban san lokacin da za a sake samun 'yan lokeshin biyu a kan waɗannan kujerun a tare ba.

Idan akwai furodusan da ya riga ya fara ba 'yan wasansa takarda suna sa hannu, don na san ba za a rasa ba, ina roƙonsa ya rufe sunaye da adadin kuɗin ya ɗora hotonta a nan ƙasa. Akwai yara masu shirin fara nasu shirin bayan Sallah da ba su taɓa ganin yadda ake rubuta ta ba, su samu abin kwafa.